Rahoton shekara na kwamitin mata: abin da muka yi da inda muka gaza

Assalamu alaikum 'yan uwa kwamared, mata da ma mazan da suka tsaya tare da mu. Kamar yadda muka saba duk ƙarshen shekara ga rahoton abin da kwamitin mata na ƙungiyarmu ta ma'aikata ya yi, ni na rubuta a madadin sauran 'yan kwamiti. Lissafin kuɗi kuma ma'aji ce za ta kawo daban, kar a neme shi a nan.

Babban abin da muka sa a gaba bana shi ne zaman karatu na wata-wata. Da farko wasu sun ce ai ba tarihi ya tara mu ba, albashi da hutun haihuwa ne suka tara mu, kuma suna da gaskiyarsu. To amma mun lura duk lokacin da aka zo maganar zuwa gaban manaja sai mata su ja baya, a ce wannan aikin maza ne, mu dai mu sa hannu a takarda shi ke nan. Shi ya sa muka ce bari mu fara sanin su wa suka share mana hanyar nan.

Mun fara da 'yan matan kamfanin ashana na Bryant and May a Landan, 1888, su kusan 1,400 da yawansu yara ne ƙanana, ana yanke musu albashi don sun yi magana ko sun makara, ga farin sinadarin fosfaras da ke cinye musu muƙamuƙi. Ba su da ƙungiya ma a lokacin amma suka ajiye aiki suka fita, ba a yi wata guda ba kamfani ya soke tarar. Sai Clara Lemlich, wata ma'aikaciyar ɗinki, a New York 1909, 'yar shekara 23, shugabanni maza suna ta dogon jawabi na a yi haƙuri a bi a hankali, ta miƙe ta ce ta gaji da surutu a tafi yajin aiki, masu ɗinki wajen 20,000 suka fita, yawancinsu mata.

Zaman da ya fi taɓa mu dai shi ne na gobarar masana'antar Triangle ta ɗinkin tufafi a New York, 25 ga Maris 1911, inda mutum 146 suka mutu akasari 'yan mata, saboda an kulle ƙofar fita wai don kar ma'aikata su saci kaya ko su fita shan iska. Ina cikin bayani wata 'yar uwarmu mai aikin dare ta ɗaga hannu, muryarta na rawa ta ce ai su ma ƙofar bayansu da sarƙa da kwaɗo ake ɗaure ta da dare, makullin yana hannun mai gadi kuma ba kullum yake zama a wurin ba. Wallahi ɗakin ya yi tsit. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban ƙofar nan bata taɓa ɗauka abin magana ba ne sai ranar. A satin muka samu hoton kwaɗon, muka rubuta takarda, muka je ofis ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, farko aka ce ana duba lamarin, daga baya aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, mu kuwa muka ƙi gajiya. Yanzu an cire sarƙar. Ita da kanta ta yi magana a gaban manaja a zaman ƙarshe, ba mu muka yi mata ba, kuma a wurina wannan ya fi komai da muka yi bana.

Ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mun ƙi yarda ta tsaya a ɗaukar hoto da jawabi. Mun tuna wa mutane cewa Clara Zetkin, 'yar gwagwarmaya daga Jamus, ce ta kawo shawarar ware ranar mata a taron mata a Kofanhegan 1910, kuma matan masaƙa na Petrograd a Rasha da suka fita a wannan rana a 1917 yajin aiki suka yi ba biki ba. Sai muka ajiye tebur muka raba fom ɗin koke, a nan ne ma maganar hutun haihuwa ta fito fili.

Kan wannan mun yi nasara mun kuma sha kaye. Akwai wadda aka sallama da cikinta ya fito aka ce wai rage ma'aikata ake yi, alhali ita kaɗai aka rage, muka tsaya har aka mayar da ita. Akwai wata kuma da irin wannan matsalar amma bata da takardar ɗaukar aiki, da baki aka ɗauke ta da baki aka kore ta, duk inda muka je sai a ce ina shaida. Har yau abin yana damuna. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutun haihuwa kar ya gaza sati 14, kuma in an kori mai ciki to wanda ya ɗauke ta aiki ne zai kawo hujjar cewa ba cikin ne dalili ba, sai dai ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, kuma ko ina ne in babu takarda a hannu magana tana wuya. Don Allah duk wadda bata da takardarta ta zo ta same mu tun kafin matsala ta taso.

Batun bambancin albashi mun fara amma ba mu gama ba. Mun ce kowa ta kawo takardar albashinta mu kwatanta, da yawa suna tsoro kar a ji a sama. Na fahimci tsoron. Amma ku tuna matan Ford na Dagenham a Ingila su 187 masu ɗinkin kujerun mota, an sa su a ajin marasa ƙwarewa, suka yi yajin aiki a 1968 har aikin haɗa mota ya tsaya, hakan ya taimaka aka yi dokar daidaita albashi ta 1970, amma ajin ƙwararru da suka nema tun farko sai 1984 suka samu bayan wani yajin. Ba a samun wannan abu sai da haƙuri da hujja a rubuce, kuma mun yi alkawarin za a rufe sunan kowa.

Mun kuma ware 'yan kwamiti da za a riƙa kai wa koken cin zarafi a asirce, bisa yarjejeniyar ILO mai lamba 190 ta 2019 kan cin zarafi a wurin aiki. Masu aikin gida da masu aikin kwana-kwana kuwa gaskiya ba mu kai gare su ba duk da mun yi alkawari bara, ga shi Ela Bhatt ta nuna tun 1972 a Indiya da SEWA, ƙungiyar mata masu sana'ar kansu da ta kafa, cewa irin waɗannan matan ma suna haɗuwa su zama ƙarfi.

Inda muka fi gazawa shi ne zaɓe. Mu ne muka fi cika wurin mitin in an kira, amma da aka zo takarar muƙamai sai 'yan ƙalilan suka fito, da na bi ina tambaya amsar ɗaya ce, mitin ɗin shugabanni da dare ake yi kuma ba a san lokacin tashi ba, mai yara ba za ta iya ba. Mun rubuta wa uwar ƙungiya a sauya lokaci, har yanzu ba amsa, za mu sake tayar da maganar a babban taro kuma muna so duk mu je a gan mu.

A mitin na gaba kowa ta zo da takardar albashinta da ta ɗaukar aiki in tana da ita, sannan muna neman waɗanda za su shiga ƙaramin kwamitin zuwa wurin masu aikin gida, mai sha'awa ta ba sakatariya sunanta.