Rahoton Kwamitin Gyaran Wi-Fi na Gidan Kwanan Ɗalibai, Unguwar Rogo, Jos

Kwamiti na sanar da mazauna gida cewa an kammala aikin. Kukan da aka kawo mana shi ne sabis cike yake a waya, amma da an idar da sallar isha'i shafi ba ya buɗuwa. Wasu sun ce a ƙaro data. Ba mu bi wannan shawara ba, domin da muka jona kwamfuta da rauta (akwatin da ke raba intanet a gidan) ta kebul, gudun lafiya lau yake. Cunkoson a iska yake.

Na'urorin watsa sabis 3 da muka tarar duk a tasha ta 6 suke (Wi-Fi ma tashoshi gare shi kamar rediyo), a zangon mita na 2.4 GHz, tare da na maƙwabta. Ƙa'idar Wi-Fi ita ce na'ura ta saurara kafin ta aika. In ta ji wata na magana a tasharta sai ta jira. Biyu daga cikin namu ukun ma masu maimaita sigina ne marasa kebul, waɗanda kan cinye kusan rabin gudun, tunda a tasha ɗaya suke karɓa suna sake aikawa.

Mun cire su. An ja kebul ɗin Cat6 zuwa sababbin na'urori 4, biyu a sama biyu a ƙasa, kowace a silin ɗin baranda, kuma babu kebul ɗin da ya kai mita 100, iyakar da aka yarda masa. Wuta ta cikin kebul ɗin take zuwa musu. An raba su a tasha 1, 6 da 11 da faɗin 20 MHz, su ne ukun da ba sa taka juna. Ta huɗun ta maimaita tasha 1, amma a can ƙarshen bene, rufin kankare da roduna na tsakaninsu.

Abin da ya fi jawo gardama shi ne rage ƙarfin watsawa. Na'ura mai ƙarfi takan riƙe wayar da ke nesa, ita kuma wayar nesa a hankali take aikawa, sai ta daɗe a kan tasha kowa na jiranta. Shi ya sa muka rage, muka kuma rufe tsofaffin matakan gudu na 1 zuwa 11 Mbps. An kuma kunna zangon 5 GHz a tashoshi 36, 40, 44 da 48. Ba ya ratsa bango sosai, wanda a nan alheri ne, tunda na'urorin ba za su riƙa jiran juna ba.

Saboda tsawar daminar Jos, an binne sandar ƙarfe mai kai wutar tsawa ƙasa, an sa makarin tsawa a layin da ya shigo daga waje. Muna roƙon kada kowa ya jona tasa rautar a ɗaki sai ya sanar da kwamiti an ba shi tasha.