Wasiƙa daga Gombe a kan ƙofar da ta ƙi buɗe maka

Tudun Wada, Gombe.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ruwan Fatakwal, har yanzu bai ɗauke muku ba? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, ƙura kuwa har cikin kwamfutocin shago, kullum da safe sai na sa yara sun busa su kafin a kunna.

Saƙon muryarka ya iso ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sau biyu na saurare shi ina dariya, ba don mugunta ba, sai don na tuna ni ma ramin nan na faɗa. Ka ce ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a tsohuwar laftof ɗinka, ka sayo wa babban yaronka allon Arduino, ɗan allon lantarkin nan da ake koyon sarrafa na'urori da shi, kuka jona shi, kwamfuta ta ce muku Permission denied, wato an hana ku izini. Wani a wurin aiki ya ce ka buga sudo chmod 777, ka buga, abu ya yi, washegari kuma ya koma gidan jiya. Sai ka rufe da cewa Linux ɗin nan tamu ta masu son wahalar da kai ce. To, na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

A Linux, kusan duk na'urar da ka jona sai an buɗe mata fayil a wata folda mai suna /dev. Faifan ajiya yana can da suna irin sda, kyamara tana can a matsayin video0, allon yaronka kuma zai fito a matsayin ttyUSB0 ko ttyACM0. Wannan ɗabi'a gado ce daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969, Linus Torvalds kuma ya bi sahunta lokacin da ya fito da Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Tunda na'ura fayil ce, dokar da ke kan kowane fayil ita ce a kanta. Jona allon ka buga ls -l /dev/ttyUSB0, za ka ga layin ya fara da wannan:

crw-rw---- 1 root dialout

Ka ɗauke shi kamar gidan malam Bahaushe. Akwai mai gida, akwai 'yan gida, akwai baƙon da iyakarsa zaure, inda aka rubuta masa "Ba shiga". Harafin c na farko nau'in na'urar kawai yake nunawa. Sai rw na farko, izinin mai gida ke nan, wato root, yana karantawa yana rubutawa. Na biyu na 'yan gida ne, wato rukunin da ake kira dialout. Layukan nan uku na ƙarshe da babu komai a cikinsu su ne rabon baƙo. Kai kuwa, duk da cewa da kuɗinka ka sayi laftof ɗin, a wurin wannan ƙofa baƙo ne, domin ba a rubuta sunanka cikin 'yan gida ba. Iyakar abin da saƙon yake gaya maka ke nan.

Lambobin ma ba wani sihiri a ciki. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, sai a haɗa wa kowane ɓangare nasa. Abin da ka gani a sama 660 ne. Shi 777 da aka ba ka, cire ƙyauren gidan ne gaba ɗaya a jingine shi a bango don kai ka samu wucewa. Dalilin da ya sa bai kwana ba kuwa, abin da ke cikin /dev ba a faifai yake zaune ba. Da ka zare kebul fayil ɗin ya ɓace, da ka mayar a ƙirƙiri sabo, sai wani ɗan aike mai suna udev ya zo ya ɗora masa izini bisa dokokin da aka rubuta masa. Shi bai san da zancen chmod ɗinka na jiya ba. Zane ka yi a kan ruwa.

Maganin naka layi ɗaya ne: sudo usermod -aG dialout, sai ka biyo da sunan da kake shiga kwamfutar da shi (sudo ɗin shi ke ara maka ikon mai gida). Daga nan dole ka fita daga asusunka ka sake shiga, ko ka kashe ta ka kunna, in ba haka ba za ka rantse bai yi ba. Buga groups ka ga ko dialout ya fito. Sunan ma tsohon yayi ne, tun zamanin da ake shiga intanet da modem ta layin tarho, ya maƙale har yau. Idan wata rana ka koma Arch, wani nau'in Linux ɗin, can uucp suke kiran rukunin.

Amma don Allah ka dubi ƙaramin a ɗin nan da ke gaban G da idon basira. Ni shi ya kwana da ni a shago. Wata rana da yamma, ana kiran magariba ina sauri, na buga -G shi kaɗai. Ashe in babu a, ba ƙara ka yake yi a rukuni ba, cire ka yake daga duk sauran ya bar ka da wanda ka ambata kawai. Washegari na zo sa wata manhaja, kwamfutar da ni na haɗa ta da hannuna ta ce min ba na cikin masu izinin sudo. Ga kwastoma zaune a benci yana jiran wayarsa, ga yaran shago suna kallona suna danne dariya. Sai da na sake kunna ta ina riƙe da Shift, na shiga ta ƙofar gyara, na mayar da kaina cikin rukunan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, kafin in taɓa usermod sai na rubuta abin da groups ya nuna a bayan littafin rasit.

Na san abin da zai zo maka a rai, tunda na san halinka tun muna Yelwa a Bauchi: me zai hana in riƙa buɗe manhajar Arduino da sudo in huta? Zai yi aiki, ban musa ba. Sai dai fayilolin da za ta ajiye a foldarka za su zama mallakar root, gobe yaron ya zo buɗe aikinsa a hana shi. Babban abin tsoron kuma sabo ne. Hannun da ya saba da sudo a kan komai, ranar da ya rubuta sda a inda ya kamata ya rubuta sdb wajen goge filashi, babu mai tambayarsa ko ya tabbata. Ina da yara huɗu a shago, babu ko ɗaya da ke da sudo. Kowa na sa shi a rukunin da aikinsa yake buƙata, dialout da plugdev, shi ke nan. Rukunin disk kuwa ko ƙanina ban sa ba, domin wanda ke ciki yana iya karanta faifan gaba ɗaya ta bayan gida, daidai yake da ka miƙa masa makullin sito.

Akwai wani abu da nake zargin zai same ka nan gaba, gara in faɗa tun yanzu. Yawancin allunan da ake sayarwa a kasuwanninmu ba na asali ba ne, kwaikwayo ne masu ɗan guntun CH340 a ciki. Buga lsusb, mai jero na'urorin USB da aka jona, in ka ga 1a86:7523 to shi ne. Lambar farko ta kamfanin da ya ƙera ce, ta biyu ta samfurin. A Ubuntu 22.04 akwai wata manhaja, brltty, wadda aka yi domin makafi masu karatu da allon rubutun Braille. Wani daga cikin allunan nasu da wannan lambar yake amfani, saboda haka da ka jona naka sai ta ɗauka nata ne ta karɓe, ttyUSB0 ya bayyana ya ɓace cikin ƙiftawar ido. Na canza kebul uku a kan wannan, har na fara zargin mai kayan da ya sayar min, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Sai da na buga sudo dmesg, mai nuna rahoton abin da ke faruwa a cikin kwamfutar, na ga sunan brltty ɓaro-ɓaro a layukan ƙarshe. In babu makaho mai amfani da kwamfutar, cire ta kawai ake yi. Ni dai abin ya burge ni ta wani ɓangaren, a ce an yi tanadin makaho tun kafin ya zo, ko da mu masu ido mun ɗan sha wuya.

Inda na fara jin daɗin udev da gaske shi ne a gonar wani Alhaji a hanyar Dadin Kowa. Yana kiwon kaji, yana da injin ƙyanƙyasa, na haɗa masa alluna biyu a jikin wata tsohuwar kwamfuta: ɗaya yana auna zafin injin, ɗaya yana duba ruwan tanki. Sati biyu lafiya lau. Ran nan aka ɗauke wuta, batirin sola ma ya yi ƙasa, kwamfuta ta mutu ta tashi. Da sassafe sai ga wayar yaron gona, wai allo yana nuna zafin ƙwai ya haura ɗari. Na hau babur ban ko karya ba, ina ta lissafin kiret nawa zan biya. Ina isa na sa hannu a injin, zafi daidai, ƙwai lafiyarsu ƙalau. Ashe lambobin ttyUSB0 da ttyUSB1 ba na kowa ba ne, wanda ya riga farkawa shi ke ɗaukar sifili. A wannan tashin na tanki ne ya riga, sai manhajata ta riƙa karanta zurfin ruwa tana kiransa zafi.

A nan ne ake rubuta wa udev doka. Fayil ne ɗan ƙarami kake ajiyewa a /etc/udev/rules.d/, sunansa ya fara da lamba ya ƙare da .rules, domin bi da bi ake karanta su. Da alluna masu guntun FTDI ne, da abin ya zo da sauƙi, kowanne yana da lambarsa ta daban da za ka kama shi da ita. Su CH340 irin na kasuwa ba su da ita, tagwaye ne sak, saboda haka da ramin da aka soka su na bambanta su. Ga irin abin da na rubuta:

SUBSYSTEM=="tty", KERNELS=="1-2", SYMLINK+="kyankyasa", GROUP="dialout", MODE="0660"

Ma'anarsa, duk abin da aka soka a wancan rami a raɗa masa suna /dev/kyankyasa, a ba 'yan gida izini. Na yi wa ɗayan nasa, na kira shi tanki. Lura da alamar daidai: guda biyu tambaya ce, "shin kai ne wane?", guda ɗaya kuma umarni ne. Masu koyo a nan suka fi tuntuɓe. Lambar ramin taka ba lallai ta zama 1-2 ba, udevadm info -a -n /dev/ttyUSB0 zai nuna maka. In ka gama sai sudo udevadm control --reload-rules, ka zare ka mayar. Na kuma sayi jan fenti na farce a wurin mai koli na ɗiga a ramin ƙyanƙyasa da kan kebul ɗinsa, saboda dokar ba ta san yaron gona zai iya sauya musu wuri in ya zo shara ba. Alhaji ya tsaya yana kallona, ya ce duk karatun naka a jan farce ya ƙare? Na ce ranka ya daɗe, shi ne ma mai gadin karatun.

Wayoyi ma hanyar ɗaya ce, ba zan ja ka da nisa ba tunda ba sana'arka ba ce. Samsung lambarsu 04e8, MediaTek da ke cikin yawancin Tecno da Infinix 0e8d, layi ɗaya kowanne a ba rukunin plugdev, yara su yi aikinsu da adb, manhajar da kwamfuta ke magana da wayar Android da ita, ba tare da sun kira ni ba. In kana son ka ga abin da idonka, buga udevadm monitor ka bar tagar a buɗe, sannan ka soka filashi ka zare. Za ka ga saƙonni suna zubowa kamar ana sanar da isowar baƙo. Nuna wa yaron wannan, na tabbata zai fi ka jin daɗinsa.

Abin da ya riƙe ni a Linux ke nan, in gaya maka gaskiya. Ba wai ba ta ba da ciwon kai ba, tana bayarwa. Amma duk dokokin da ta zo da su suna nan a /usr/lib/udev/rules.d/ a rubuce, kana iya buɗewa ka karanta dalilin da ya sa aka hana ka. Kada dai ka gyara na can, sabuntawa za ta share maka. Naka a /etc ake ajiye shi, kuma in sunan fayil ya zo ɗaya, naka ne ke rinjaye.

Yanzu abin da nake so da kai: yi usermod ɗin nan da a ɗinsa, ka kashe ka kunna. In ya ƙi, jona allon ka ɗauko min hoton abin da lsusb ya nuna da layuka goma na ƙarshen dmesg, ka turo ta WhatsApp. Hoton fuskar kwamfutar nake so mai kyau, ba irin wanda ka saba ɗauka da hannu yana rawa ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce tun bikin ƙanwata ba ta sake ganin ƙeyarka ba. Uwargida ta ɗaure wa matarka kuka da daddawa da ɗan yajin ƙuli, muna jiran direban da ke kai wake Kudu ya tashi, zan ba shi lambarka. Ka shafa min kan yara, ka ce wa injiniyan namu in ya kunna fitilarsa ta farko a allon ya turo min bidiyo. In Allah ya kai mu Sallah ƙarama kuka zo gida, zan kai shi gonar ya ga injin da idonsa.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Abokinka na Tudun Wada.