Barka da Sallah daga Guangzhou, ƙasar Sin

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, barkanmu da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.

Mun sauko daga Idi tun kuna barci. Awa 7 muke gabanku, ƙarfe 8:30 na safen nan ita ce 1:30 na dare a Kano. Ina cikin sahu ina ta lissafi, na ce yanzu Inna ba ta ma tashi hura wutar tuwo ba. Masallacin ya cika maƙil: 'yan ƙasa Musulmi da fararen huluna, Larabawa, mutanen Mali da Nijar. Amma da ka fito bakin titi shi ke nan, kasuwa a buɗe, kowa na sauri zuwa aiki, babu mai ce maka barka. Ba kalangu, ba doki ko ɗaya.

Baba, kun tambaye ni wai nisan nan ya kai na Makka? Ya wuce nesa ba kusa ba. Tsakanin Kano da garin nan kusan kilomita 11,000 ne, kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, awa 4 da wani abu, kamar dai tafiyarku Jidda. Can muka jira, muka sake jirgi, sai kuma awa 10 da ɗoriya a sama babu sauka. Na yi barci na farka, na sake yi na farka, muna nan dai a sama. Da na haɗa lissafin, zaman jirgin kusan awa 15 ne, bai fi abin da motar Legas ke ci ba. Wannan ne ke ƙona mini rai yau: kwana ɗaya tak ya isa in zo in durƙusa gabanku, sai dai kuɗin tikiti da sha'anin biza sun ɗaure ni.

Inna, tuwon Sallarki nake ta tunawa. Mun gwada ni da abokan zamana. Shinkafarsu mai danƙo ce, tuwo ya tuƙu sumul, kabewa ma mun samu. Miyar taushen ce ta ƙi. Yakuwa babu, daddawar da kika ƙullo mini ta ƙare tun tsakiyar azumi. Mun ci muna dariya, aka yi santi na kara, amma ni dai loma uku na yi na ajiye. Wa ke kai kwanon gidan Gwaggo bana? Shekara nawa ni nake ɗauka, ta cika mini aljihu da goron Sallah.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya da mai ɗakinsa, da Malam Liman. A gaida Hajiya Kaka sosai da sosai, a ce mata man zafin da ta nema yana hanya, kuma kullum ina sa ta a addu'a, kada ta sake cewa ba za ta ga dawowata ba. Auta kuwa, gobe idan an je Hawan Daushe ki ɗauko mini hoton 'yan lifidi, ki sa sabuwar atamfar in gani. Maƙwabta duka ina gaisuwa.

Inna, in an samu mai tahowa, daddawa da busasshiyar yakuwa.

Ɗanku na Guangzhou