Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da fambel: lambar kwali daban, lambar bel daban

Zuwa ga Shugaban Kamfani da sashen sauraron masu sayen kaya,

Yallabai, bayan gaisuwa. Na kawo wannan magana bainar jama'a ne saboda na bi ta ƙofar da kuka tanada har sau uku. Na aika saƙo biyu, na buga waya sau ɗaya, kuma a karo biyun ƙarshe amsa guda aka maimaita mini: wai tunda da hannuna na ɗaura fambel ɗin a gida, babu ruwan kamfani. Ban ambaci sunanku a nan ba, don ba tozarta ku nake nema ba. Lambar ƙorafina tana cikin kundinku, za ku gane da ku nake.

Motata ta haura kilomita 140,000, kuma fambel ɗin da ke kanta shi ne wanda ta fito da shi. Bai tsage ba, bai kuma nuna alamar tsufa a ido ba. Amma duk mai taɓa inji ya san bel ɗin yanzu, wanda ake yi da robar EPDM, ba ya faffashewa kamar na da da ake yi da niyofirin. Cinyewa yake yi a hankali kamar tayar mota, tsagoginsa su yi zurfi har ya daina kama fuli, wato faifan da bel yake bi ta kansa yana juya shi, yadda ya kamata. Galibi tsakanin kilomita 100,000 zuwa 160,000 ake sa ran canza shi. Na gwada zurfin tsagogin da ɗan ma'aunin roba da ake amfani da shi, na ga ya nutse, sai na ce gara in canza tun yana kan mota da in jira ya tsinke mini a hanya.

Na karanta lambar da ke bayan tsohon bel ɗin, ta dushe amma tana karantuwa: 6PK1875. Na duba littafin motar, lamba ɗaya ce. Na shiga shafinku na intanet, na sa ƙirar motata da irin injinta, kuka nuna mini wannan lambar dai. Na saya. Kwalin da ya iso hannuna an buga masa 6PK1875 da manyan baƙaƙe, a bayansa kuma ga hotuna ana nuna yadda mutum zai ɗaura da kansa. Ku riƙe wannan maganar ta hotuna, zan dawo kanta.

Ga wanda bai san ma'anar lambar ba, tunda ba ku kaɗai za ku karanta ba: 6 ɗin tana nufin bel ɗin yana da layuka shida masu tudu a cikinsa, PK ita ce girman layukan, inda tsakanin layi da layi yake milimita 3.56, sannan 1875 tsawon zagayen bel ɗin ne a milimita. Lambar nan ita ce duk abin da mai saye yake dogara da shi. Babu mai zuwa da awo ya zagaye sabon bel kafin ya biya kuɗi.

Na yi aikin yadda ake yinsa. Na bar inji ya huce sarai, na cire wayar batir. Kafin in taɓa komai na ɗauki hoton yadda bel ɗin ya bi ta kan fuli-fuli, na kuma zana a takarda, na kwatanta da taswirar da ke manne a cikin bonet. Wanda ya taɓa cire irin wannan bel ba tare da hoto ba ya san wahalar da ke ciki, domin bel guda ne yake tashi daga fulin karanshaf ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, ya juya altaneta, ya juya famfon sitiyari, ya juya kwamfiresar esi, a irin injina har da famfon ruwa. Na sa doguwar sifana a kan tenshina, wato na'urar da ke matse bel ɗin, wadda wasu makanikai ke kira ajasta, na danne sifirin ɗinta, na zare tsohon bel, na sake ta a hankali don kada ta fizge. Daga nan na juya kowane fuli da hannu ina saurare. Babu mai gurnani, babu mai girgiɗi, boris ɗinsu lafiya lau. Na goge tsagogin fulin da buroshi, na tabbatar babu ɗigon mai ko ruwan lagireto a wajen, don mai yana kashe roba da wuri. Sannan na zura sabon, gefen layuka a kan fuli masu tsaga, bayansa mai santsi a kan fuli masu santsi, na bi da yatsa a kan kowanne na tabbatar layuka shidan sun zauna a gurbinsu, babu wanda ya hau gefe.

Laifi tudu ne, don haka bari in fara taka nawa. Na haɗa tsohon bel da sabon na miƙe su a yatsuna biyu, kamar yadda ake yi. Sabon yana da tauri, ga lanƙwasar da ya yi a cikin kwali ba ta gama miƙewa ba, sai na gan su kusan kai ɗaya. Da na zo ɗaurawa na ji ya shige a fuli na ƙarshe da sauƙin da ya fi yadda na zata, kuma alamar da ke jikin tenshina ta tsaya can bakin iyaka maimakon tsakiya. Zuciyata ta ɗan ɗarsa. Na koma na ɗauki kwalin na sake karanta lambar, na ga daidai take, na yarda da kwalin. Da na juya bayan bel ɗin na karanta abin da aka buga a jikin robar, da ba mu kai nan ba. Wannan kuskurena ne kuma na karɓe shi. Amma kuskuren nawa bai wuce na gaskata rubutunku ba.

Kwana biyun farko shiru. A rana ta uku da safe, ina kunna esi sai inji ya ƙwala wata ƙara mai tsini, ta ɗauki 'yan daƙiƙu ta lafa. Da na murɗa sitiyari har ƙarshe sai ta dawo. Na buɗe bonet, inji yana aiki, na tsaya nesa da fanka na fesa ɗan ruwa a gefen layukan bel ɗin. Gwaji ne da masu sana'ar suka sani: idan ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, alama ce fuli ne ba su daidaita a layi ɗaya ba, idan kuwa ta ƙaru, bel ɗin ne bai ɗaure ba, yana zamewa. Tawa ƙaruwa ta yi. A ranar na aika muku saƙon farko, na bayyana duk wannan. Amsar da ta zo bayan kwana biyu ita ce sabon bel yakan yi ƙara kafin ya zauna, in ba shi lokaci. Na ba shi lokaci, saboda ku kuka ƙera shi, na ɗauka kun fi ni saninsa.

A rana ta tara ina tafe da yamma, matata tana gefena, 'yarmu tana barci a kujerar baya. Muna shiga wata kwana sai na ji wani abu ya bugi ƙasan bonet, fat. Nan take fitilar batir ta kama ja a dashbod, sitiyarin da nake juyawa da hannu ɗaya ya zama kamar an zuba masa siminti. Da hannu biyu na kama shi, na sa duk ƙarfina kafin motar ta bi kwanar, ga wata babbar mota tana tahowa ta ɗaya hannun. Matata ba ta ce uffan ba, sai dai na ga ta miƙa hannu baya ta dafa ƙafar yarinyar. Ina gangarawa gefen titi allurar zafin inji ta fara hawa, na kashe mota. Allah ya taƙaita. Famfon ruwa idan ya tsaya, mintuna kaɗan suka ishi inji ya ƙona gasket ko kansa ya lanƙwashe, gyaran da ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Da na haska da fitilar waya, bel ɗin ya sauka daga fuli, gefensa ɗaya ya zare kamar igiyar da ta tsinke, wasu zaruruwan sun naɗe a bayan fulin karanshaf. Cikinsa ya yi sheƙi kamar gilashi, alamar zamewa da zafi. Muka jira janwe har duhu ya yi sosai. Washegari da na zauna na warware zaren na wanke abin da ya rage na bel ɗin, sai ga rubutu fari a bayansa, da tambarinku a gefe: 6PK1895.

Milimita 20 ne bambancin. Idan aka ninke bel biyu aka miƙe, santimita ɗaya ke nan, bai kai faɗin yatsa ba. A ido ba komai ba ne, amma tenshina tana da iyakar inda sifirin ɗinta zai iya tura ta. Idan bel ya yi tsawo har ta kai ƙarshen tafiyarta, ta daina matse shi, sai ya riƙa zamewa duk lokacin da nauyi ya hau kansa, ya yi zafi, ya yi ta kaɗawa, ƙarshe ya yi tsalle ya fita. Ba ni zan koya wa injiniyoyinku wannan ba. Tun 1979 da kamfanin Ford ya sa irin wannan bel guda ɗaya a motar Mustang, an san ribarsa da hatsarinsa: ya rage tarkacen bel uku ko huɗu da ake fama da su a da, amma ranar da ya sauka komai yana tsayawa tare, caji da sitiyari da sanyaya inji. Kayan da rai ya rataya a kansa haka bai kamata a saka shi a kwalin da ba nasa ba.

Na ɗauki hoton kwalin da bel ɗin gefe da gefe, lambobin biyu suna fitowa ɓaro-ɓaro, na haɗa da rasit, na aika muku. Amsar ta biyu ko kallon hoton ba ta nuna an yi ba. An kwafo mini wani sakin layi ne daga sharuɗɗan garanti, cewa ba ku ɗaukar alhakin kayan da ba ƙwararren makanike ne ya ɗaura ba. Da na buga waya, wadda ta ɗauka ta saurare ni da ladabi, ba ni da ƙorafi a kanta, amma ta ce abin da aka ba ta ikon faɗa ke nan. Na roƙi ta haɗa ni da wani daga sashen duba inganci, ta ce za a kira ni. Mako uku ke nan wayata ba ta yi ƙara ba.

Wannan amsar ita ta fi ƙona mini rai, fiye da daren da muka yi a bakin titi. Wane makanike ne, komai ƙwarewarsa, zai rage wa bel milimita 20 da hannunsa? Da a gareji aka ɗaura shi, bel ɗin da ke cikin kwalin zai canza lamba ne? Iyakar abin da za a ce shi ne wataƙila gogaggen makanike ya lura da wuri ya dawo muku da shi, kuma ko a hakan kuskuren daga wajenku ya taso. Sannan ga hotunan da na ce ku riƙe. Ku kuka buga su a bayan kwali, hannu riƙe da sifana, mataki-mataki, kuna kiran mai mota ya yi aikin da kansa. Ba daidai ba ne ku jawo mutum da wannan a ranar ciniki, ranar da matsala ta taso kuma ku ce aikin gida ya soke garanti. In kuna ganin ɗaura fambel ya fi ƙarfin mai mota, ku cire hotunan, ku rubuta gargaɗi a gaban kwali inda kowa zai gani kafin ya saya.

Don kada a ce hannuna ne, na sayi wani bel na wani kamfani, 6PK1875, wannan karon na karanta jikin robar tun kafin in bar wurin. Ni dai na ɗaura shi, da sifanar nan, a kan fulin nan, da tenshinar nan da ban canza ba. Alamarta ta zauna a tsakiya. Na auna batir inji yana aiki, ƙarfin wutarsa bolt 14 da ɗan ɗoriya, caji lafiya. Na yi tafiyar sama da kilomita 2,000 da shi, da esi a kunne, ko ƙis bai yi ba.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne na san ba a haɗa kwali ɗaya-ɗaya a masana'anta. Idan bel mai lamba 1895 ya shiga kwalin 1875 a hannuna, akwai yiwuwar 'yan'uwansa da aka haɗa tare suna kan kantoci yanzu haka, ko suna juyawa a cikin injin wani da yake jin ƙarar safe yana cewa zai zauna, kamar yadda aka ce mini. Lambar rukunin da aka buga a gefen kwalina tana cikin hoton da na aiko. Ina roƙon ku bi ta, ku buɗe kwalayen da suka rage a rumbunku da na dillalanku, in an samu irinsa ku janye su ku sanar da jama'a. Ina kuma roƙon ku daina ce wa mai ƙorafin ƙarar sabon bel ya ba shi lokaci. Ku koya wa ma'aikatanku su fara tambayarsa lambar da ke jikin robar da inda alamar tenshina ta tsaya. Tambaya biyun nan da an yi mini su a saƙon farko, da iyalina ba su shiga wannan kwanar da bel ɗin ba.

Game da kaina, ina neman ku mayar mini da kuɗin bel ɗin da na janwe, rasit ɗin duka biyu suna hannunku, kuma ina son amsa a rubuce daga wanda ya duba hotunan da idonsa. Kwalin da guntun bel ɗin suna nan na adana su a leda ɗaya. Ku turo adireshin sashen duba ingancinku, in aika muku su ku auna da kanku.

Naku,
Mai mota da ya sayi kayanku.