Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Taswirar da Muka Yi Muku, Ta Wa Ce?

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne saboda tambayar da kuke yawan yi mana a kan mallakar taswira.

Tushen aikinmu OpenStreetMap ne, rumbun bayanan taswirar duniya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wanda 'yan sa-kai ke ta cikawa har yau. Tun Satumban 2012 bayanan suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wato ƙa'idojin da suka tsara yadda za a yi amfani da rumbun bayanai da aka buɗe wa kowa. Kyauta ne, kuma an yarda a yi kasuwanci da su, amma akwai sharaɗi.

Hoton taswirar da kuka buga a takarda ko kuka saka a manhajarku, kuna da ikon sayar da shi, ba kuma dole ku bari a kwafa ba. Sai dai ɗan rubutun nan na kusurwa, mai nuna cewa bayanan daga masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap suka fito, ba ya ciruwa. Kwanan baya wani daga cikinku ya roƙe mu mu goge shi, wai yana ɓata masa kyan shafi. Mun ba shi haƙuri, mun rage girmansa yadda har yanzu ido ke karantawa. Mutane ne suka sha wahalar tattara bayanan waɗannan hanyoyi, ba za mu ɓoye sunansu ba.

Inda aka fi rikicewa shi ne gyara. A ce direbobinku sun gano lungun da babu shi a taswira, ko titin da aka rubuta sunansa ba daidai ba, muka zuba wannan cikin kwafin rumbun da muke yi muku taswira da shi. Da zarar taswirar ta fita ga jama'a, wajibi ne a ba masu amfani da ita rumbun da aka gyara, ko jerin gyare-gyaren, bisa wannan lasisi, ko da abokan gasarku ne. In kuwa a cikin ofishinku kaɗai kuke amfani da ita, wannan bai hau kanku ba.

Jerin kwastomominku da wuraren kai kaya kuma, a fayil daban muke ajiye su, mu ɗora su a kan taswirar ba tare da cakuɗawa ba, domin su ci gaba da zama sirrinku. Shi ya sa muke roƙon ku, kafin ku turo mana kowane fayil, ku faɗa mana wanne ne gyaran hanya, wanne ne na cikin gida.

Mun gode ƙwarai.

Naku,
Ma'aikatan sashen taswira