A daina jefa rahoton odita cikin durowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga manyan sakatarori, daraktoci da shugabannin ƙananan hukumomi game da rahoton oditan cikin gida, wanda sau da yawa akan rubuta masa "an gani" a kulle a durowa.

Jinkirin nan shi ke cinye kuɗin. Misali kuɗin aiki da aka danƙa wa jami'i bai kawo rasit ba. In aka ba shi takardar tuhuma a makon da odita ya gano, ko dai ya kawo rasit ko a fara cirewa daga albashinsa. In aka bari shekara ta zagayo, an canza masa wurin aiki ko ya yi ritaya, rasit ɗin gidan mai kuma, irin wanda inji ke fitarwa, rubutunsa ya goge, takarda ta zama fara fat. Wa za a kama? Haka sunan mamaci a jerin albashi: duk watan da aka ƙara, albashi guda ya sake fita.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Cikin mako biyu da isowar rahoto, shugaba ya zauna da odita, akanta da mai kula da sito. Kowane batu a rubuta sunan mutum ɗaya da zai gyara shi da ranar gamawa, domin "sashen kuɗi zai duba" ba ya ɗaure kowa. Wanda bai yarda da abin da odita ya faɗa ba ya kawo hujjarsa a rubuce. Kada a rufe batu da fatar baki, sai an ga shaida: bauca (takardar biyan kuɗi), takardar banki ko littafin sito da aka daidaita da kayan da aka ƙirga. Bayan wata uku odita ya dawo ya duba. In ya ce mutum ɗaya ne ke rubuta bauca, ya amince da ita, ya kuma biya, raba aikin ba ya buƙatar komai sai takarda ɗaya, ko kwabo ba za a kashe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗauke odita daga ofis don ya faɗi gaskiya. Batun ba ya mutuwa, domin mai binciken kuɗi na waje na iya sake tono shi. Sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya, sashe na 125 kuma na jihohi ne. A can shugaba zai tsaya gaban kwamiti yana neman baucar da ta ɓata tun shekara uku.

Naka,
Wani akanta, Kaduna