Shirinku na ranar Talata ya tsorata mahaifiyata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da shirinku na rediyo na ranar Talata, kuma har yau bai huce ba. Kun kawo farfesa ya shafe kusan minti arba'in yana "sintetik bayoloji", wato ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta su samar da abin da ake so, rabin maganarsa Turanci, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, ranka ya daɗe". Ko sau ɗaya bai tare shi ya ce, to mu talakawa ina abin ya shafe mu ba.

Muna tsakar gida da mahaifiyata muna saurare. Da ya ce ana "ƙera halitta" a ɗakin gwaje-gwaje, sai Inna ta yi salati, ta ce mutane sun fara ja da Ubangiji. Ƙanena ya ce, "Inna, ai allurarki ma ta wannan hanyar ake yin ta." Washegari da safe ta ƙi yarda a yi mata.

Shekara tara ke nan Inna tana allurar insulin saboda ciwon suga. Kwalbar tana cikin 'yar tukunyar ƙasa da muka binne a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, don ba mu da wutar da za ta riƙe firji. Sai da na zauna gabanta ina lallashi, na ce ba a halicci komai ba, ƙwayoyin bakteriya ko na yis da Allah Ya riga Ya halitta ake saka wa umarnin yin insulin irin na jikin mutum, su kuma su yi ta samar da shi. A da daga jikin shanu da aladu ake ciro shi. A 1978 masana a Amurka suka sa bakteriya ta yi shi, a 1982 aka amince a ba marasa lafiya. Da ta ji batun aladu ne ta miƙo hannu. Ni ɗan tireda na iya wannan bayani, me ya hana farfesa?

Ga sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga tazargade, wanda aka fara samarwa da taimakon yis a 2013. Ga waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019 don maganin tsutsar da ke cin furen wake, manoma na ta gardama a kansa a kasuwarmu. Ko ɗaya ba ku taɓo ba. Ku dawo da farfesan, ku sa shi ya yi Hausa, ku zaunar da manomi da mai ciwon suga kusa da shi su yi masa tambayoyi.

Sannan wannan lambar waya da kuke bayarwa, wata uku ina kira ba ta taɓa shiga ba, amma kullum muryoyin mutum huɗu ko biyar ɗin nan muke ji. Ku duba wannan ma.

Mai sauraronku,
daga Funtuwa